Ruwan da Ya Manta Garinsu

Akwatin gilashin ya kwana tara a ɗakina, wayam.
Barmu ne ya yanka shi a Katako, ya liƙe kusurwoyin,
ya ce, "Kifin teku, a Yamai? Allah ya sawwaƙe."
Ban tanka ba.
Shekara ashirin da biyu ina jan kamiyo zuwa Kwatano,
na san ƙamshin da nake nema.
Tunda gwiwa ta hana ni hanya,
sai teku ya tako inda nake.

To, da wane ruwa?

Na murɗa famfo da asuba.
Ya yi tari, ya tofar da iska,
sannan ya zubo da warin jabel.
Mu mun saba, cikinmu ya yi kanta,
amma kifin da bai kai babban yatsana ba
ina zai samo hanjin ɗan Talaje?

Ɗan Lami mai ga-ruwa ya jingine kurarsa a ƙofa,
ya rantse rijiyarsu ta fi zuma.
Na bar kofi guda a rana.
Kwana biyu, farin zobe ya kewaye gindinsa:
kanwa ta buga hatiminta
kamar ma'aikacin duwan.

Na gangara bakin Isa, ƙarƙashin gada,
inda masu wanki ke dukan zannuwa.
Ruwan ja wur, damina ta dama shi.
Yana ɗauke da sabulu, da takin gonakin shinkafa,
da fitsarin dorina,
da gaisuwar mutanen Mali kaf.
Wani masunci ya ce karfasa ba ta taɓa kai ƙara ba.
Na ce ita 'yar gida ce.
Nawa baƙi ne.

Ruwan sama?
Kwanon rufina ya yi tsatsa,
tantabarun maƙwabcina kuma ba su da kunya.

Sai na kira Ma'azu, yarona na da, wanda ya gaji sitiyarin.
Ya naɗe wando, ya shiga har gwiwa,
ya ɗebo mini bido biyu da hannunsa.
Motar ta kwana shida a layi,
rana tana dafa su a bayan kaya.
Da na buɗe murfin
ƙwai ne ruɓaɓɓe ya gaishe ni.
Ashe teku ma yana mutuwa a hanya.
Na zubar a lungu, na wanke hannu,
na zauna kamar wanda ya dawo daga maƙabarta.

Ɗiyata Sahiya, mai awon jini a asibiti,
ta ce, "Baba, duk ruwan da ka ɗebo yana tune da garinsu.
Nemo wanda ya manta."
Ta kai ni Yantala, wurin masu ɗura ruwan leda.
Injin yana matse ruwa ta cikin tantani,
ya zubar da mai yawa, ya riƙe kaɗan,
ɗigo, ɗigo, kamar marowaci yana biyan bashi.
Na kurɓa. Lami.
Ba daɗi, ba ɗaci, ba dangi.

Agali ya ji labari, ya kawo mini kantun Bilma.
Na karɓa hannu bibbiyu, na miƙa wa tukunyar miya.
Gishirin da na auna a leda ya zo, cikin jirgi,
kuɗinsa kuwa ban faɗa wa kowa ba.

Yau akwatin cike yake.
Farin yashi, duwatsu uku, ƙaramin inji yana guna-guni.
In an ɗauke wuta
da ludayi nake motsa shi, ina zufa.
Jikana ya manna hanci a gilashi: "Ina kifin?"
Sahiya ta ce sai ruwan ya yi wata
ya koyi zama teku.

Da dare na tsoma yatsa, na kai baki.
Bai isa Kwatano ba tukuna.
Ya dai wuce Gaya.